Mutumin da Bai Nutse Ba: Sharhi Kan Bruce Ismay a Fim ɗin Titanic

Da wuya a samu saurayi ko budurwa tsakanin Madawa, Buza da Kaita wanda bai taɓa ganin fim ɗin Titanic ba, ko da rabi ne, ko da a wayar wani ne. Yayyenmu sun kalle shi a gidajen bidiyo, zaune kan benci, kaset na ci janareto na kuka. Mu kuma ya iso mu cikin katin waya. Ba mu jin Ingilishi, wasunmu Faransancin ma kame-kame ne, amma kowa ya san Jack, kowa ya san Rose, kowa ya san allon nan da aka ce bai ɗaukar mutum biyu. Fim ɗin ya shiga jinin Hausawa har aka yi namu a Najeriya a 2003, Masoyiyata na Farouk Ashu-Brown, wanda ya ɗauko soyayyar ya sa mata kayan gida.

To ni ba soyayyar ta kawo ni ba. Akwai wani mutum mai gashin baki da ke fitowa jefi-jefi a fim ɗin, wanda in ya bayyana ƴan kallo kan ja tsaki. Shi ne wanda ya matsa wa kyaftin ya ƙara gudu, shi ne kuma wanda ya sulale cikin kwale-kwalen ceto sa'ad da mata da yara ke kuka a baya. Jack da Rose ƙirƙira ce ta James Cameron, ba su taɓa numfashi ba. Amma wanga mutum ya rayu da gaske. Sunansa Joseph Bruce Ismay, shugaban kamfanin White Star Line, masu jirgin. Abin da nake son mu duba, ƴan uwa, shi ne yadda fim ɗin ya yi masa shari'a. A ganina ya kama mai laifi, amma ya tuhume shi da laifin da ba shi ne babba ba, ya bar babban a ƙasa. Kuma wannan kuskuren mu ma muna yin sa, a rubuce-rubucenmu da kuma a bakin tasha.

An haifi Ismay ran 12 ga Disamba 1862 kusa da Liverpool a Ingila. Ɗan gado ne, ba da hannunsa ya tara ba. Ubansa Thomas Ismay shi ya gina White Star ta zama babban kamfani, da ya rasu a 1899 ɗan ya hau kujera. A 1902 ya sayar da kamfanin ga wani gungu da attajirin Amurka J. P. Morgan ya haɗa, daga baya aka naɗa shi shugaban gungun gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: ranar da Titanic ta nutse, Ismay babban manaja ne, kuɗin kuwa na wasu ne. Shi ya ba da kwangilar gina manyan jirage uku a ma'aikatar Harland and Wolff ta Belfast: Olympic, Titanic da Britannic. Kamfanin Cunard, kishiyarsu, ya riga ya fi su gudu da Mauretania da Lusitania, don haka White Star ta zaɓi ta yi takara da girma da jin daɗi.

Jirgin ya tashi daga Southampton ran 10 ga Afrilu 1912, bayan ya ƙara ɗaukar fasinjoji a hanya ya shiga babbar teku da mutum wajen 2,200. Daren 14 ga wata, ƙarfe 11:40, ya gogi dutsen ƙanƙara. Ƙarfe 2:20 na asubahin 15 ga wata teku ta haɗiye shi. Mutum wajen 1,500 suka mutu, 700 da ɗoriya suka tsira. Ismay na cikin waɗanda suka tsira.

A fim ɗin 1997, Jonathan Hyde ne ya fito a matsayinsa, kuma Cameron ya ba shi manyan fitowa uku. Ta farko a kan tebur, inda yake alfahari da girman jirgin, Rose ta ambaci Freud don ta yi masa habaici, shi kuwa ya zaci wani fasinja ne. Wannan ba ta da tushe ko kaɗan, dariya ce kawai aka saya da mutuncinsa, don mu san tun da wuri cewa ga wawa mai kuɗi. Ta biyu, yana shan shayi da Kyaftin Smith yana zuga shi ya kunna sauran tukwanen tururi, a isa Niyok da wuri a shiga jaridu. Ta uku ita ce ta kwale-kwale: ya waiga hagu da dama kamar ɓarawon akuya, ya faɗa ciki, hafsa Murdoch ya bi shi da wani kallo da ya fi zagi ciwo.

Mu ɗauki ta biyu. Tana da ɗan tushe. Wata fasinja, Elizabeth Lines, ta ba da shaida a 1913 cewa ta ji Ismay na gaya wa kyaftin za su wuce lokacin da Olympic ta yi, su isa Niyok ran Talata. Shi ya musanta, amma ya amsa cewa an yi niyyar gwada cikakken gudun jirgin ran Litinin ko Talata in sama ta yi kyau. Akwai kuma abin da fim ɗin bai tsaya kansa ba, wanda ni ya fi tsaya mini a rai: ran Lahadi jirgin Baltic ya aiko da gargaɗin ƙanƙara a gaba, kyaftin ya miƙa wa Ismay takardar, shi kuma ya sa ta aljihu, ya nuna wa wasu mata fasinjoji cikin hira, sai da yamma kyaftin ya karɓe ta. Takardar gargaɗi ta zama abin nuna wa baƙi. Duk da haka, kyaftin-kyaftin da dama sun shaida wa masu bincike cewa al'adar zamanin ke nan: in sama garau take, ba a rage gudu sai an ga ƙanƙarar da ido. Ke nan ko babu Ismay a cikin jirgin, da wuya Smith ya rage. Fim ɗin ya ɗauki ɗabi'ar sana'a gaba ɗaya ya rataya ta a wuyan mutum guda a kan kofin shayi. Ya fi sauƙin ɗauka a kyamara, ban musa ba. Amma ai kamar a ce duk gudun da motocin haya ke yi tsakanin Madawa da Ƙonni laifin wani alhaji guda ne da ya ce wa direbansa yi sauri.

Ta uku fa? Shaidu da dama, har da ma'aikatan jirgin, sun ce Ismay ya daɗe a kan benen yana taimakon mata shiga kwale-kwale. Har ya cika zaƙewa, hafsa na biyar Harold Lowe ya daka masa tsawa ya ce ya ba su wuri, bai ma san da wa yake magana ba. Kwale-kwalen da ya shiga, wanda ake kira C, yana cikin na ƙarshe-ƙarshe, yawancin na cikinsa mata ne da yara daga ajin talakawa. Shi ya ce lokacin da ake sauke shi babu wata mace ko fasinja a kusa. Wasu sun ce akwai cunkoso a wurin. Kotun bincike ta Ingila ƙarƙashin Lord Mersey ta yanke cewa da ya tsaya, babu abin da za a ƙaru da shi illa gawa ɗaya. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa bai juya ya kalli jirgin sa'ad da yake nutsewa ba, bai so ya gani. Sakatarensa William Harrison da baransa Richard Fry duk sun tafi da jirgin.

Yanzu ku tambayi kanku tsakani da Allah. Ƙarfe biyu na dare, ruwa mai sanyin da ke kashe mutum cikin mintoci, ga gurbi a gabanka, ana sauke kwale-kwalen. Wane ne cikinmu zai rantse ba zai taka ba? Mu da muke ture juna a ƙofar motar Yamai don kujerar taga? Mutum na iya cewa shugaba ya kamata ya zama na ƙarshe, kuma wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Kyaftin Smith ya mutu, Thomas Andrews mai zanen jirgin ya mutu, injiniyoyin duka sun mutu suna riƙe da wuta don mutane su ga hanya, makaɗa takwas sun mutu. Kusa da waɗannan, Ismay ƙarami ne, kuma ya san haka har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma rashin zama gwarzo daban, kisan kai daban. Mutuwarsa ba za ta ceci ko jinjiri ɗaya ba.

Abin da zai ceci mutane an yanke shi ne shekaru kafin wannan daren, a ofis, da rana tsaka, babu ruwa babu kuka. Titanic na ɗauke da kwale-kwalen ceto 20, masu cin mutum 1,178. Ku cire wannan daga 2,200, lissafin ɗan firamare ne. Tun kafin jirgin ya bar tasha an san cewa in abu ya faru, mutum dubu ba su da wurin zama. Alexander Carlisle, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatar da ta gina jirgin, ya shaida cewa ƙarafan saukar da kwale-kwalen da aka sa suna iya ɗaukar ninkin wannan adadi har da ƙari, kuma an nuna wa shugabannin White Star zanen. Aka tsaya a 20. Abin haushin, ba su karya doka ba. Dokar hukumar kasuwanci ta Ingila tun ta 1894 ce, ta ce jirgin da ya wuce tan 10,000 ya ɗauki kwale-kwale 16. Titanic ta wuce tan 46,000. Jirage sun girma ninki huɗu, doka na nan inda aka bar ta, kuma masu jirage ba su ga dalilin tashin ta daga barci ba. Har ƙarin huɗu suka yi, wai su masu kirki.

Yaya Cameron ya yi da wannan? Jimla guda. Rose na yawo a bene da Andrews, ta ce ta lissafa kwale-kwalen ba su isa ba, shi kuma ya ce ya so ƙari amma wasu sun ga za su cushe wurin shan iska. Wasu. Babu suna, babu fuska, babu kiɗa. Minti guda bai cika ba aka koma kan Jack. Amma shigar Ismay kwale-kwale, nan aka kawo kyamara dab da fuskarsa, aka ba mu lokaci mu ƙoshi da ƙinsa. Fim na awa uku da ƴan mintoci, ya kashe dala miliyan 200, ya ci kyautar Oscar 11, bai samu minti biyu ba na nuna teburin da aka zauna aka rage kwale-kwale. Dalilin a fili yake: tsoro yana da fuska, lissafin riba ba shi da ita. Mai kallo zai fita yana cewa Allah wadaran matsoraci, ba zai fita yana tambayar wa ya sa hannu a takarda ba.

Kada in yi wa fim ɗin abin da ya yi wa Ismay, bari in faɗi ɗaya ɓangaren. Ko ashirin ɗin ma ba a cika su ba. Kwale-kwale na ɗaya ya tafi da mutum 12 alhali yana cin 40. Biyu na ƙarshe ruwa ne ya kwashe su kafin a gama shirya su. Wato ƙarin kwale-kwale kaɗai ba lalle ya ceci kowa ba, tunda ma'aikatan ba su samu horon kirki ba kuma lokaci gajere ne. Amma ku lura, wannan ma komawa yake ofis: wa ke da alhakin horar da ma'aikata? Cameron ya nuna kwale-kwalen da ke tafiya rabi wofi, ya kuma nuna bambancin aji da ƙarfi, nan kam ya yi aiki. A ajin manya fiye da rabi sun tsira, matansu kusan duka. A ajin talakawa mutum ɗaya cikin huɗu ne, yaransu fiye da rabi sun mutu.

Hoton Ismay matsoraci ba Cameron ya fara zana shi ba, gadonsa ya yi. Da jirgin Carpathia ya tsamo su, Ismay ya kulle kansa a ɗakin likita har Niyok, yana aika saƙonni da sunan Yamsi, wato sunansa a juye, yana neman a tsayar da wani jirgin kamfanin ya mayar da shi da ma'aikatan Ingila. Amurkawa suka karanta wannan a matsayin gudu. Ran 19 ga Afrilu, kwana ɗaya da saukarsu, Sanata William Alden Smith ya zaunar da shi shaida na farko. Jaridun William Randolph Hearst suka yi masa ca, suka juya Bruce ya koma Brute, wato dabba. A 1943 Jamus ta Hitler ta yi nata fim ɗin Titanic bisa umarnin Goebbels, inda Ismay ya zama ɗan jari-hujjan Ingila mai kashe mutane don hannun jari ya tashi. Kowane zamani ya same shi a shirye, ya ɗora masa kayan da yake so. Shi ma Murdoch, wanda ya yi masa wancan kallon, bai tsira daga Cameron ba: an nuna shi yana karɓar kuɗi, ya harbe mutane, ya harbe kansa. Mutanen garinsu Dalbeattie suka yi fushi har wani babban jami'in kamfanin fim ɗin ya je can a 1998 ya ba da haƙuri. Ismay ba wanda ya je ba shi haƙuri.

J. P. Morgan fa, mai kuɗin? An ce da shi za a yi tafiyar, ya fasa. Bai shiga jirgi ba, bai shiga kwale-kwale ba, bai shiga fim ba. Hukumar da ta bar dokar 1894 tana barci kuwa, ita ce ta nemi a kafa kotun binciken Ingila, wato kura ce aka ba ajiyar nama. Ma'aikatan jirgin da suka tsira, an tsayar da albashinsu daga sa'ar da jirgin ya nutse. Garin Southampton kaɗai ya rasa mutum fiye da 500. Iyalan mamata sun nemi diyyar da ta wuce dala miliyan 16, aka sasanta a kan dala 664,000. Duk wannan babu shi a fim, kuma duk ya fi shigar mutum ɗaya kwale-kwale muni.

Ismay ya bar shugabanci a 1913. Ya rage shiga mutane, yakan tafi wani gida da ya saya a yammacin Ireland ya yi ta kamun kifi. Ya ba da kuɗi masu yawa ga asusun matan matuƙan da suka mutu, a 1919 ya ƙara fam 25,000 don ma'aikatan jiragen kasuwanci. Ciwon suga ya ci ƙafarsa aka yanke, ya rasu a Landan ran 17 ga Oktoba 1937. Shekara 25 ya yi yana ɗauke da daren nan.

Wani zai ce, mu da ba mu da teku, ruwanmu bai wuce na Maggiya da tabkunan damina ba, ina ruwanmu da Bature mai jirgi? To jiragenmu a kan tudu suke. Babbar motar da ke tashi ranar kasuwa da buhunan albasa a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama suna lilo da ƙafa, ita ce Titanic ɗinmu, har da ajin manya a gaba kusa da direba. Motar da aka rubuta mata mutum 19 a takarda kowa ya san nawa take ɗauka. Ƴan uwanmu da ke tafiya bida Libiya da Aljeriya sun san abin da ake nufi da jirgi marar kwale-kwalen ceto: a Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga Kance, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. A Bagwai ta jihar Kano, ƙarshen Nuwamban 2021, kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rai wajen 29. Kuma mafi girma duka, wanda ko a lakwal ba a koya mana ba: jirgin Joola na Senegal, ran 26 ga Satumba 2002, ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar ya kife a gaɓar Gambiya. An gina shi don mutum ƙasa da 600. Lissafin gwamnati ya ce 1,863 suka mutu, 64 suka tsira. Ya fi Titanic kisa, cikinsu ɗalibai da yawa masu komawa karatu kamar mu. Jirgin na gwamnati ne, soja ke tafiyar da shi. A 2003 aka rufe shari'ar a Senegal, aka ce laifin kyaftin ne, shi kuwa kyaftin yana cikin mamatan.

Kun ga bambancin? Ismay ya sha tofin Allah tsine ne don yana cikin jirgin, an gan shi. Namu masu jiragen ba su hawa. In mota ta faɗi, direba ya mutu ko ya gudu, karen mota ya sha duka, mai motar kuwa yana gida a kan tabarma ana zuwa yi masa jaje, Allah ya mayar da alheri. Wanda ya karɓi ɗari biyar a shinge ya ɗaga sanda, ba a ma san da shi ba. Sai mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai ja da ita, amma wanda ya ce a yi wata guda da tayar da ta suɗe, shi ma ya yanke wani abu, kuma da rana ya yanke shi, kamar masu kwale-kwale 20.

Gare mu masu ɗan rubuce-rubuce, nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Ku duba gajerun labaran da muke kawowa ana karantawa a zamanmu. In akwai attajiri, to mugu ne tun daga shafin farko: ƙaton ciki, dariyar ƙeta, yana neman auren yarinyar da jarumi ke so. Kwafin Cal ne, saurayin Rose, da ɗan Ismay a gefe. Irin wannan mugun bai tsoratar da kowa, don babu mai kallon madubi ya ga kansa a ciki. Wanda nake son in ga wani cikinmu ya rubuta shi ne alhajin kirki, mai sallah a sahun gaba, mai biya wa marayu kuɗin lakwal, wanda ya zauna da yamma da littafin lissafi ya ga kuɗin taya sabuwa, ya ga kuɗin makarantar ɗiyansa, ya ce wa direba a lallaɓa zuwa bayan kaka. A nuna mana hannunsa yana rufe littafin. A bar shi ya kwana lafiya a daren, don lafiya lau irinsu ke kwana.